Baƙo da Mai Masauki: Kisan Sarki a Wasan Makbes da a Tarihin Katsina da Kano

Gabatarwa

Sau da yawa idan darasin wasan kwaikwayo ya iso kan rukunin da manazarta ke kira wasan ban-tausayi, sai a ji ɗalibai suna cewa wannan kayan Turawa ne, Bahaushe bai gaje shi ba. Hujjarsu ita ce, galibin wasannin da aka buga da Hausa, tun daga wasanni shida da Dokta R. M. East ya fitar a shekarun 1930 har zuwa irin su Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma, sun fi karkata ga gyaran hali da rikicin aure da raha. Maganar tana da ƙanshin gaskiya idan rubutattun wasanni kaɗai aka duba. Amma da zarar an buɗe littattafan tarihin sarakuna, ko an saurari maroƙa a ƙofar fada, sai a tarar ƙasar Hausa tana da nata labaran na mutanen da suka zub da jinin sarki don su hau gadonsa, kuma tana da hanyar da take bi wajen tuna musu da abin da suka aikata.

Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki wasan Makbes na Wiliyam Shekisfiya, ta jera shi da labarai biyu na gida: na Korau da Sanau a Katsina, da na Zamnagawa da Tsamiya a Kano. Tambayar da za a bi guda ce. Idan mutum ya kashe wanda ya amince masa don ya gaji mulkinsa, a ina mai ba da labari yake ajiye nauyin laifin?

An kalli al'amarin ne daga Funtuwa da kewayenta, kuma akwai dalili. Funtuwa gari ne da baƙi suka raya. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, da cinikin auduga da na hatsi, su suka jawo fatake da 'yan ci-rani daga ko'ina. Duk wanda ya taso a irin wannan wuri ya san cewa ciniki ba ya yiwuwa sai da amana tsakanin baƙo da mai masaukinsa: wannan ya ajiye kuɗinsa a ɗakin wancan, wancan ya yi barci alhali baƙo yana kwance a zaurensa. Labaran nan uku duk a kan karya irin wannan amana suka ginu.

Abin da ya faru a wasan Makbes

An rubuta wasan ne wajen shekarar 1606, aka fara buga shi a 1623. Makbes hakimi ne kuma barde a ƙasar Sikotlan, ɗan'uwa ne ga Sarki Dankan. Yana komowa daga yaƙin da ya ci wa sarkinsa, shi da abokinsa Banko, sai suka gamu da waɗansu bokaye mata uku. Suka yi masa albishir da ƙarin hakimci, sannan da sarautar ƙasa baki ɗaya. Banko kuwa suka ce shi ba zai yi sarki ba, amma zuriyarsa za ta yi. Ba su yi nisa ba manzanni suka iso da labarin cewa sarki ya ba Makbes hakimcin da aka ambata. Daga nan zuciyarsa ta fara saƙa masa sauran.

Abin lura shi ne, bokayen ba su ce masa ya kashe kowa ba. Shi da kansa ya fara tunanin kisa, har ya ji gabansa yana faɗuwa saboda munin tunanin. Da sarki ya zo gidansa baƙunci, Makbes ya keɓe ya lissafa wa kansa dalilan da suka hana: Dankan ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne wanda ya wajaba ya tsare masa ƙofa, kuma sarki ne mai adalci. Ya duba bai ga abin da ke tura shi ba sai zallar buri. Har ya gaya wa matarsa cewa ya fasa. Ita kuwa ta yi masa gorin rashin mazantaka, ta tsara masa yadda za a bugar da dogaran sarki da giya a shafa musu laifin. A daren ya shiga ya soke sarki yana barci.

Sauran wasan duk sakamako ne. Ya fito da jini a hannu yana cewa ya kasa amsa amin da ya ji ana addu'a, kuma ya ji wata murya tana gaya masa barci ya ƙare masa. Ya sa aka kashe Banko, sai fatalwarsa ta zauna a kujerarsa ana tsakiyar walima. Ya sa aka kashe matar Makdaf da 'ya'yansa, mutanen da ba su tare masa komai ba. Matarsa, wadda da fari ta ɗauka ɗan ruwa kaɗan zai wanke al'amarin, ta koma tana tashi cikin barci tana cuɗa hannuwanta, har ta mutu. A ƙarshe Makdaf ya sare kan Makbes, Malkam ɗan Dankan ya hau gadon ubansa.

Makbes na tarihi

Mai karatu zai fi gane aikin Shekisfiya idan ya san cewa Makbes na tarihi daban yake. An yi wani sarki mai wannan suna a Sikotlan, ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057, wato shekara 17. A fagen yaƙi Dankan ya mutu, kuma matashi ne, ba dattijon da aka nuna a wasa ba. Mulkin Makbes ya zauna da gindinsa, har ya sami sukunin kai ziyara birnin Rum a 1050, inda aka ce ya rarraba wa matalauta kuɗi. Shekisfiya ya ɗauko labarin ne daga littafin tarihi na Holinshed, bugun 1587. A can Banko yana cikin waɗanda suka haɗa baki da Makbes. Kisan baƙo a cikin gida da zugar mata kuwa, daga labarin wani mutum dabam ya aro shi, wato Donwal wanda ya kashe Sarki Daf.

Me ya sa ya yi wannan canji? Sarkin da ke kan gadon Ingila a lokacin, Jemis na Ɗaya, mutumin Sikotlan ne da ya hau a 1603, ana kuma danganta gidansa da Banko. A watan Nuwamba na 1605 aka bankaɗo makircin tayar da majalisa da albarushi don a hallaka shi. Saboda haka zancen kisan sarki yana bakin kowa. Amma akwai dalili na fasaha wanda ya fi wannan. Mutuwa a fagen yaƙi abu ne da ake iya jingina wa ƙaddara ko wa runduna. Shi kuwa marubucin yana son mutum ɗaya, da wuƙa ɗaya, da ɗakin da babu mai kallo, domin kada a sami wanda za a raba laifin da shi. A wasan Girkawa na Sarki Idifus, tauraron ya kashe ubansa ne bai san ko wane ne ba. Makbes ya sani sarai, ya auna, ya fasa, ya kuma dawo ya aikata. Wannan zaɓi shi ne ƙashin bayan wasan.

Korau da Sanau

Wanda ya bar Funtuwa ya nufi Gusau, bayan ya wuce 'Yankara zai iso Tsafe. A nan kusa 'Yandoto take, tsohon garin malamai, wanda yau yake cikin Jihar Zamfara amma a da yana cikin ƙasar Katsina. Daga wannan gari ruwayar Katsinawa ta ce Muhammadu Korau ya fito.

Kafin Korau, Durɓawa ke riƙe da sarauta, zuriyar Kumayau, cibiyarsu tana Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, inda har yau tuddan kaburburansu suke. Na ƙarshensu shi ne Sanau. Ruwayar ta ce al'adarsu ce sarki ya fito kokawa, wanda ya ka da shi ya gaje shi, kuma ba mai iya ka da Sanau saboda wata laya da yake ɗaurawa. Korau ya zo a matsayin aboki kuma baƙo. Matar Sanau ta karkata gare shi, ta tona masa asirin mijinta, aka raba Sanau da layarsa. Ranar karawa, a gindin wata tsamiya, Korau ya ka da shi, ya zaro ɗan gajeren takobi ya yanka shi, ya zama sarki.

Mutumin ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ƙafur, wanda ya saba ganin kokawa da kaka bayan an kai amfanin gona gida, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan labari. Ya san ɗan kokawa da layunsa da gurayensa, ya kuma san cewa wanda ya bi ta bayan gida ya sace asirin abokin karawarsa ya ci wasan tun kafin a buga ganga. Wato kokawar da aka yi a gaban jama'a rufa-ido ce, ainihin kisan a cikin ɗaki aka shirya shi.

Kamar da ke tsakanin wannan labari da wasan Makbes a bayyane take, sai dai a juye. Can mai masauki ya kashe baƙo, nan baƙo ya kashe mai masauki. Can matar mai kisa ce ta zuga, nan matar wanda aka kashe ce ta buɗe ƙofa. Bambanci mafi girma kuwa yana wajen sakamako. Korau bai haukace ba, ba a kuma sare kansa ba. Ana lissafa shi sarkin Katsina na farko Musulmi. Masana sun saɓa kan zamaninsa, waɗansu suna fara shi daga 1348, amma Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ya ajiye shi a rabin ƙarni na 15 na biyu. Masana tarihi suna karanta labarin a matsayin alamar tashin mulki daga hannun Durɓawa zuwa sabuwar sarauta mai cibiya a Birnin Katsina. Sarautar da ya kafa ta ɗore har jihadi ya kawar da ita wajen 1807, magadanta suka koma arewa suka kafa Maraɗi. Har yanzu fadar Katsina Gidan Korau ake ce mata, takobin nan mai suna Gajere yana cikin kayan sarauta, kuma sarautar Durɓi tana cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da 'Yandaka da Galadima mai zama a Malumfashi.

To, shi ke nan Korau ya ci bulus? Wanda ya saurari kirarinsa ba zai ce haka ba. Kirarin da ya wanzu a bakin maroƙa yana ambatonsa ne a matsayin baƙon Sanau wanda ya yanka mai masaukinsa. An yi ƙarnoni, gidajen sarauta sun canza, amma sunan wanda aka kashe yana manne da sunan wanda ya kashe shi.

Zamnagawa da Tsamiya

Labari na biyu yana cikin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, aka kuma fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Tsamiya ɗan Shekarau ya yi sarautar Kano daga 1307 zuwa 1343 bisa lissafin Palmer, shi ne jarumin da ya rushe wurin tsafin Tsumburbura. Ɗan'uwansa Usman ya kashe shi ya gaje shi. Marubucin tarihin bai ɓata tawada wajen bayyana dalili ba. Abin da ya faɗa kaɗan ne: Usman ya rufe ƙofofin gidan sarki ya zauna ciki kwana 7, ba wanda ya san abin da ya yi da gawar, ko binne ta ya yi ko cinye ta, kuma saboda wannan kisa ake kiransa Zamnagawa. Ma'anar laƙabin ba ta ɓuya wa mai jin Hausa, domin zamna ita ce zauna a karin harshen yamma. An ce ba a yi yaƙi a zamaninsa ba. Ya yi shekara 7, daga 1343 zuwa 1349, sai Yaji ɗan Tsamiya ya hau, wanda a zamaninsa Wangarawa suka iso Kano da Musulunci.

Ga duk kayan wasan ban-tausayi a cikin 'yan layuka: ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwa, gajeren mulki, sannan ɗan wanda aka kashe ya karɓi gadon ubansa kamar yadda Malkam ya yi. Abin da babu shi ne muryar Usman. Me ya yi a kwana bakwan nan? Tsoron fadawa ne ya hana shi fita, ko tsoron gawar? Me ya sa jarumin da ya iya kashe Tsamiya bai ɗaga takobi a kan kowa ba bayan haka? Tarihin ya rufe ƙofa ya bar mai karatu a waje tare da mutanen gari. Mai karatu Musulmi zai tuna da ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu, inda Ƙabila ya kashe Habila, ya rasa yadda zai yi da gawar sai da hankaka ya nuna masa, ya kuma wayi gari cikin masu nadama. Kisa yana ƙarewa cikin ƙiftawar ido, amma gawa takan zauna.

Inda ake ajiye laifi

Daga nan za a iya amsa tambayar da aka fara da ita. Shekisfiya ya sa laifin a bakin mai laifi. Dabararsa ita ce zancen zuci, wato tauraro ya tsaya shi kaɗai a dandali ya amayar da abin da ke ransa 'yan kallo suna ji. Masu ba da labarin sarakunan Hausa kuwa sun sa laifin a bakin jama'a: a laƙabi, a kirari, da a shirun da aka yi da gangan.

Wannan ya dace da yadda sarauta take a ƙasar Hausa. Sarki yakan rufe baki da amawali, ba ya yawan magana a bainar jama'a, akwai masu isar da maganarsa. Kunya da kara ba su yarda babban mutum ya tsaya yana kuka da zuciyarsa a gaban talakawa ba. Da marubucin Tarihin Kano ya sa Usman yana sambatu da dare, da masu sauraronsa sun ce ya zubar wa sarauta da girma. Sai ya bi hanyar da al'ada ta yarda da ita, ya bar sunan ya yi aikin. Ana iya cewa wannan hukunci ya fi na Makbes tsawo, domin azabar Makbes ta ƙare ranar da aka kashe shi, amma duk yaron da ya haddace jerin sarakunan Kano sai ya furta laifin Usman kafin ya wuce zuwa Yaji. Masu iya magana sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Sai dai wannan hanya tana da nata rauni, kuma wajibi ne a faɗe shi. Kirari yabo ne. Idan maroƙi ya ɗaga murya ya kira wani da yanka mai masauki, ana busa algaita ana jinjina, mai sauraro yana iya jin jarumta kawai, ya manta da cewa an ci amana. Abin da aka faɗa don tuni yana iya rikiɗewa ya zama abin alfahari. A wasan Makbes wannan ba ya yiwuwa, domin ɗan kallo ya shiga ɗakin tare da shi, ya ga hannunsa yana rawa, ya ga abin da kisan ya mayar da shi. Ba mai fita daga kallon yana sha'awar zama Makbes.

Boka da mace

Akwai uzuri biyu da masu kare irin waɗannan mutane suke kawowa, kuma duk biyun suna cikin labaran nan. Na farko shi ne asiri ko duba. A yau ma, daga takarar mai unguwa har zuwa ta manyan kujeru, sananne ne cewa masu nema sukan je wurin 'yan duba, kuma da wuya mai duba ya gaya wa mai kuɗi cewa ba zai samu ba. Shekisfiya ya rushe wannan uzuri da Banko. Su biyu suka ji albishir a wuri ɗaya, ɗaya ya kashe, ɗaya ya kame hannunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ma layar Sanau: sace ta ya ba Korau damar ka da shi, amma ba layar ce ta zaro Gajere daga kube ba.

Uzuri na biyu shi ne mace. Ɗalibai da yawa sukan rubuta a jarrabawa cewa matar Makbes ce ummul-haba'isin komai. Wanda ya karanta wasan da natsuwa zai ga tunanin kisa ya riga ta shiga zuciyar mijin, kuma ita da kanta ta shiga ɗakin ta kasa, saboda sarkin da ke barci ya yi mata kama da ubanta. Kashe Banko kuwa bai ko shawarce ta ba. A labarin Katsina ma abin lura ne cewa Korau ya sami gida da takobi da kirari, ita kuwa matar da ta taimake shi zargi kaɗai ya rage mata. Ɗora wa mace laifi hanya ce mai sauƙi ta wanke wanda ya ci moriyar kisan.

Nadama da tuba

Wani abu da ɗalibin Hausa zai iya gani a wasan fiye da ɗan kallon Ingila na yau shi ne bambancin nadama da tuba. Malamai sun koyar da cewa tuba tana da sharuɗɗa: a bar laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, idan kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. Makbes yana da nadama tun daren farko, amma bai taɓa tunanin sauka daga gadon ba. Maimakon haka, kowane tsoro ya taso sai ya kashe shi da sabon kisa. Shekisfiya ya fito da wannan fili a wani wasan nasa, Hamlet, inda Sarki Kiladiyas da ya kashe ɗan'uwansa ya durƙusa zai nemi gafara, sai ya gane ba zai iya ba tun da har yanzu yana riƙe da sarautar da matar da ya yi kisan dominsu. Wannan shi ne tarkon da ke cikin kisa don mulki. Ɓarawon akuya yana iya mayar da ita, amma wanda ya hau gado ta kan gawa ba shi da wanda zai mayar wa, kuma saukarsa tana iya zama ajalinsa.

Ƙofar da ake rufewa a wannan zamani

Kada a ɗauka wannan zancen mutanen da ne kaɗai. Ranar 15 ga Oktoba, 1987, aka harbe Toma Sankara a Wagadugu, amininsa Bilez Kwamfawore ya hau, ya yi shekara 27 yana mulki har jama'a suka kore shi a 2014. Sai a watan Afrilu na 2022 wata kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ba ya nan, yana gudun hijira a Kwaddibuwa. A Jamhuriyar Nijar, ranar 9 ga Afrilu, 1999, dakarun da ke tsaron Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai. Sanarwar farko ta kira abin hatsari. Shugaban dakarun, Manjo Dauda Malam Wanke, ya karɓi mulki, ya miƙa wa Mamadu Tanja a watan Disamba na shekarar, tsarin mulkin da aka rubuta a lokacin kuwa ya ƙunshi afuwa ga masu juyin mulkin. Aboki da mai gadi, su ne baƙo da mai masauki na wannan zamani. Sanarwar rediyo da dokar afuwa kuma suna yin aikin da ƙofar Usman ta yi na kwana 7.

Kammalawa

Abin da wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, jigon buri da cin amana da kisan sarki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tarihin Katsina da na Kano sun adana aikin da sunan da ya bari, wasan Makbes kuwa ya adana daren da aka yi zaɓin da dararen da suka biyo baya. Marubucin wasan Hausa da ke son shiga wannan fage ba ya bukatar ya ari zancen zucin Turawa yadda yake, domin al'adarsa ta ba shi kayan aiki. Yana iya kafa dandalinsa a ƙofar gidan Usman: fadawa suna zaune suna raɗa, ana shiga da akushi ana fitowa da shi ba a taɓa ba, uwar Yaji tana neman inda za ta ɓoye ɗanta. Yana iya nuna Korau a ranar hawansa na farko, maroƙi yana kwarara masa kirarin da ke ambaton Sanau, shi kuwa tilas ya sa hannu a aljihu ya biya, domin hana maroƙi baki amsa laifi ne. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna da Daren Sha Biyu a 1971 cewa wasan Shekisfiya yana zama a bakin Bahaushe. Abin da ya rage wa ɗaliban wannan sashe shi ne su koma kan labaran gida su yi musu irin aikin da Shekisfiya ya yi wa littafin Holinshed, yadda ɗan kallo a Funtuwa ko Malumfashi zai ga cewa mai wuƙar yana da damar mayar da ita kube, bai mayar ba.